Wayar da ba ta zafi: a rage gaggawar murna

Duk wanda wayarsa ta taɓa ɗaukar zafi a hannunsa ya ga asarar lantarki da idonsa. Wani kaso na cajin batir a zafi yake tafiya.

Shi ya sa masana suka zuba ido kan wani haɗin sinadaran manganis, bismut da teluriyam da ya yi suna a 2019. Falle-falle yake kamar takarda, kuma maganaɗisun kowane falle yana fuskantar kishiyar na maƙwabcinsa. A 2020, masu bincike a Jami'ar Fudan da ke Shanghai suka nuna cewa a falle biyar, lantarki na bin gefensa kusan ba asara.

Abin burgewa ne. Amma fa a sanyin kusan digiri 272 ƙasa da sifili aka yi gwajin, kuma da ɗumi ya haura 248 ƙasa da sifili, tsarin maganaɗisun ya watse.

A ganina binciken ya cancanci kuɗi da haƙuri: tasirin maganaɗisun da Albert Fert da Peter Grünberg suka gano a 1988 sai a 1997 ya shiga faifan kwamfuta. Amma mai ce maka sabuwar waya na tafe baɗi, tambaye shi a wane sanyi.