Bindigar Iska: Mai Tsada Ba Lallai Ce Ta Dace Da Yammacin Zamfara Ba

A Anka, Gummi da Bukkuyum, inda aka saba da bindigar toka, mai neman bindigar iska don harbin kurciya da hasbiya zai tarar da manyan iri biyu.

Ta farko mai sifirin ce, irin ta Diana ko Gamo: a karya ta, sifirin ya matsu, a ja kunama ya hankaɗa iskar da ke fitar da harsashi. Ta biyu, PCP, tulu gare ta da ake ɗura wa iska da famfo. Ba ta girgiza, tana harbi da dama kafin a sake ɗuri, amma ta fi tsada.

Ga mutumin karkara, mai sifirin ta fi. PCP ta dogara da ƙananan robobi da ƙura ke lalatawa, kuma neman mai gyara na nufin doguwar tafiya a hanyoyin da 'yan bindiga suka addaba.

Sai batun harsashi, wanda galibi da dalma ake yin sa. Gubar dalmar haƙar zinare ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, musamman a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bai kamata a bar gwangwanin harsashi inda yara ke wasa ba, kuma a cire shi daga nama kafin girki.

Dokar makamai ta 1959 ta sanya bindigar iska cikin masu buƙatar lasisi. Daga nesa kuwa, jami'in tsaro ba zai bambanta ta da ta yaƙi ba. Don haka lasisi ne farko, ciniki daga baya.