Ekran ya baje, ba formataj ne maganinsa ba!

Yau da masu gyaran ordinatar muke, ba duka ba, waɗanda bakinsu bai san wata kalma ba sai "formataj".

Bayan shirinmu na makon jiya wata mai saurare ta kira mu cikin kuka. Sakatariya ce a wata lakol. Ta kunna ordinatar da safe, sai ta tarar rubutu ya kumbura, hotuna sun baje kamar an taka su. Ta kai wurin mai gyara, ya karɓi jikka biyar, ya goge komai. Makin ɗalibai na wata uku ya tafi, kuma ekran ɗin yana nan yadda yake! To don Allah, wannan gyara ne ko ɓarna?

Abin da ya same ta ba ciwo ba ne. Kowane ekran yana da adadin ɗigon da aka ƙera shi da shi, a kwance da a tsaye. Yawancin tsofaffin portabul da ke hannunmu 1366 x 768 ne, sababbi kuma 1920 x 1080. In Windows ya aika hoto da wani adadi daban, kamar 1024 x 768, dole hoto ya baje ko ya dushe. Gyaransa bai kai minti biyu ba. A danna dama na suri a kan fili, a shiga "Paramètres d'affichage", a nemi "Résolution", a zaɓi wadda aka rubuta "recommandé" a gabanta. Kada a ji tsoro: in ekran ya yi baƙi, a cire hannu, bayan daƙiƙa 15 zai koma da kansa.

In adadin da ya dace ba ya cikin jerin, to "pilote" na katin hoto ne babu. Shi ake sawa, ba goge na'ura ba. Kai, formataj ɗin ma shi ke jawo wannan matsala sau da yawa, in mai gyara ya sa Windows ya manta da pilote. In hoto ya koma ja-ja ko rawaya, a duba wayar VGA, mai shuɗin kai da allura 15. Ɗaya ta lanƙwashe, launi ya tafi. In an haɗa majigi a wurin taro bango ya ƙi nuna komai, a danna Windows da P tare, a zaɓi "Dupliquer". In yaro ya kifar da hoto, "Orientation" ne, a maida shi "Paysage".

Za a ce muna son hana ƴan uwanmu abinci. A'a. Mai gyara na gari ya cancanci haƙƙinsa, ko na minti biyu ne, don iliminsa ake biya. Amma wanda ya goge aikin mutane don bai sani ba, ko don kuɗin ya yi kauri, amana ya ci.

Mu ma da laifinmu. Mun yi lakol, muna karanta Faransanci, amma da saƙo ya fito a ekran sai mu ja baya kamar mun ga maciji. Mu riƙa karantawa. Kuma kafin mu miƙa na'ura ga kowa, mu kwafe takardunmu a kile, mu tambaye shi: "Malam, me ka gani, me za ka taɓa?" In amsarsa formataj ce tun bai kunna ba, mu ɗauki kayanmu mu yi gaba.

Wanda irin haka ta taɓa samu, ya rubuto mana a ƙasa. Allah ya tsare mana dukiya da aikinmu.