Rashin sani ya fi dare duhu: guga ɗaya, masu ɗibar ruwa da yawa

Kwamfutar teburi ta farko aiki ɗaya take yi a lokaci guda. Haka tsarin MS-DOS na shekara ta 1981 yake: in magatakarda yana rubuta wasiƙa, ya so yin lissafi, sai ya rufe wasiƙar tukuna. Ƙwaƙwalwar na'ura guda ce, kamar guga ɗaya a bakin rijiya.

Daga baya masana suka ɓullo da dabarar karɓa-karɓa. A Macintosh tun 1987, da Windows 3.1 na 1992, kowace manhaja sai ta ja ruwanta, ta miƙa guga don kanta. Muddin akwai ladabi, aiki na tafiya. Amma in ɗaya ta riƙe guga ta ƙi saki, kowa ya tsaya. Na'ura ta ƙame, sai a kashe ta, abin da ba a adana ba ya salwanta.

Amiga ta 1985 ta bi wata hanya. An sa mai tsaron rijiya da agogo a hannu. Kowace manhaja tana da ɗan lokacinta, in ya cika a karɓe guga, ko ta so ko ta ƙi.

Saura matsala ta biyu, wato wurin ajiya. Manhajojin duka fili ɗaya suke nomawa, ba iyaka, ba shinge. Wadda ta yi kure sai ta yi rubutu a kan kayan maƙwabciyarta, ko na tsarin kansa, kamar dabbar da ta faɗa gonar wani. Amiga ma ba ta tsira daga wannan ɓarna ba.

Maganin yana cikin ƙarfen na'ura. Ƙwaƙwalwar 80386 ta Intel, ta 1985, tana iya ba kowace manhaja gonarta. Wadda ta ƙetare iyaka, a tsaida ta ita kaɗai, sauran su ci gaba. Windows NT ya haɗa shinge da agogo a 1993, Macintosh kuwa sai 2001.

Yau wayar da ke aljihun manomi da wannan ƙa'ida take aiki. Shi ya sa in manhaja ɗaya ta lalace, sauran ba su bin ta. Duk da haka, mai rubutu ya riƙa adana aikinsa. Rigakafi ya fi magani.