Shekarar da 'Yan Makarantar Jos Suka Karya Lagon Gana

Duk lokacin da aka zauna hirar ƙwallon ƙafa a Jos, sunan da ya kan fara fitowa daga bakin dattawa shi ne Mighty Jets, ƙungiyar nan ta Alhaji Isiyaku Ibrahim wadda ta ci gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972. Ba a ƙi ta tasu ba. Amma kafin a yi Jets ɗin da ake ji, akwai wata shekara da ta cancanci a riƙa tunawa da ita, wato 1966, lokacin da waɗansu samari da ba su bar benci da alli ba suka yi abin da ya gagari manyansu.

Sai mai karatu ya san yadda Gana take a idon Nijeriya a wancan zamani kafin ya gane girman abin. A 1955, tun ana kiran ƙasar Gwalkwas, 'yan wasanta suka zura wa Nijeriya ƙwallo bakwai ba ko ɗaya a Ankara, babban birninsu. Bayan samun mulkin kai, Shugaba Kwame Nkrumah ya ɗauki ƙwallo tamkar wani reshe na siyasarsa, ya zuba kuɗi, ƙungiyar Black Stars ta ci kofin Afirka a 1963, ta sake ci a 1965. Ƙungiyar Nijeriya kuwa, in ta nufi Ankara, addu'ar da ake yi mata ita ce Allah ya sa kashin ya zo da sauƙi.

To, a cikin wannan hali ne aka tara ƙungiyar ɗaliban makarantun sakandare da kwalejoji na Nijeriya, wadda ake kira Academicals, don ta kara da takwararta ta Gana. Kowace shekara a kan yi wannan karawa gida da waje, a kan wani kofi mai sunan Dowuona-Hammond, ministan ilmi na Gana. Cikin waɗanda aka zaɓa har da yara huɗu daga Jos: Isma'ila Mabo, da Sam Garba Okoye, da Peter Anieke, da Tony Igwe.

Kowannensu da irin baiwarsa. Mabo mai tsaron baya ne, mai natsuwa, ba ya gaggawar kai ƙafa. Igwe ma a baya yake, ta gefen dama. Anieke dogo ne, gwanin cin ƙwallo da ka. Shi kuwa Sam Garba, wanda aka sani da ɗaura ƙyalle a goshi, in ƙwallo ta shiga ƙafarsa sai 'yan kallo su miƙe tsaye, gama ya kan yanke mutum biyu ko uku kamar yana wasa da yara a ƙofar gida.

A watan Fabrairu na 1966 aka yi wasan farko a Ankara, yaran Nijeriya suka ci ɗaya da nema. Wannan ne karo na farko da wata ƙungiyar ƙasa ta Nijeriya ta doke Gana a cikin gidanta. Da aka dawo Ikko suka ƙara da ci biyu da ɗaya, kofi ya zauna a gida. A lura da lokacin: makonni kaɗan ke nan da juyin mulkin 15 ga Janairu, wanda aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello a cikinsa. Zukata a dagule suke. A can Gana ma, kafin watan ya ƙare sojoji sun tumɓuke Nkrumah.

Me ya sa Jos ta ba da kaso mai yawa haka? Amsar tana cikin ramukan kuza. Haƙar kuza ta jawo mutane daga kowace kusurwa: Hausawa, da Ibo, da Yarbawa, da Urhobo, har da mutanen Gana da Saliyo, suka zo suka tarar da Birom da Anaguta da Afizere. Turawan kamfanoni suka zo da wasanninsu, makarantun mishan da na 'yan kasuwa suka share filaye, ga kuma sanyin dutse da ke barin yaro ya yi ta gudu har magariba bai galabaita ba. Sunan Sam Garba Okoye kaɗai ya isa shaida a kan irin garin da ya haife shi. Yaran nan da Hausa suke kiran juna a fili, kuma in sun fita waje, 'yan Jos ake ce da su, ba a tambayar asalin kowa.

Abin baƙin ciki, shekarar da ta ɗaga su ita ce ta raba su. Tarzomar da ta auku a Arewa cikin 1966 ba ta tsallake Jos ba, dubban mutanen Gabas suka bar garin, daga nan aka shiga yaƙin basasa a 1967. A wannan tsakani Anieke da Igwe suka koma Ikko, suka shiga Stationery Stores, wadda ta ci kofin ƙalubale a 1967 da 1968. Mabo da Sam Garba suka ci gaba da wasa a Jos.

Duk da haka ƙwallo ta sake haɗa uku daga cikinsu. A wasannin Olamfik na 1968 a Meziko, Igwe da Anieke da Sam Garba suna cikin 'yan wasan Nijeriya. Sam Garba ne ya ci ƙwallo ɗayan da Nijeriya ta samu a wasanta da Japan. Anieke kuma ya jefa ɗaya a ragar Barazil, ranar da Nijeriya ta yi gaba da ci uku kafin hutun rabin lokaci, aka tashi kunnen doki uku da uku. Shekara biyu kacal ke nan da barinsu wasan 'yan makaranta.

Nan ne abin dubawa yake ga masu riƙe da ilmi da wasanni a Jihar Filato. Ba wani gidan horo na musamman ya fitar da waɗannan samari ba. Malamin wasanni ne, da filin makaranta, da gasar da ake yi tsakanin makarantu a kan kari, har mai zaɓe ya zo ya gani da idonsa. Ta wannan hanya ce Segun Odegbami ya taso daga Kwalejin St. Murumba ta Jos, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka ci wa Nijeriya kofin Afirka a 1980. Garin bai daina haihuwa ba, tun da Mikel Obi da Ahmed Musa duk 'ya'yansa ne. Sai dai yaron da ke da ƙafa a yau ya fi sa ransa ga dillalin da zai fitar da shi Turai, sau da yawa ma a bakin karatunsa, alhali makarantu da dama an gina azuzuwa da shaguna a inda fili yake. Mai rajistar makaranta ya san shekarun ɗalibinsa. Dillali kuwa shekarun da za su sayu yake rubutawa.

Sam Garba bai yi tsawon rai ba, ya rasu a haɗarin mota a 1978. Anieke ya rasu a 2015. Mabo ya zama kyaftin ɗin Mighty Jets, daga baya ya koma horarwa, shi ne ya kai ƙungiyar mata ta Nijeriya zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar kofin duniya ta 1999 a Amurka. A can ma Barazil ce ta tare hanya: 'yan matansa suka farke ci uku da aka yi musu, sannan aka fitar da su da ci huɗu da uku a ƙarin lokaci. Ya rasu a Jos cikin watan Maris na 2023.