RA'AYINMU: Shekara ta zagayo a Ibohaman, wa zai ba talaka lissafi?

Kowane manomi a ƙasar Adar ya san cewa shekara ba ta cika sai an ƙidaya damman hatsi an sa a rumbu. Ranar nan ne mai gida yake sanin abin da ya samu, da bashin da zai biya, da abin da zai rage wa iyali har wata damina. A ganinmu haka ya kamata mulkin ƙaramar hukuma ya kasance. Shi ya sa a wannan mako muka kau da ido daga Yamai, muka dubi kwamin ɗin karkara ta Ibohaman, wadda ita da Keita da Tamaske da Garhanga suka haɗu suka yi gundumar Keita a jahar Tawa, domin mu yi tambaya guda: idan shekara ta ƙare, wa yake tsayawa gaban talaka ya gaya masa inda kuɗinsa suka shiga?

Mai karatu zai tuna cewa majalisun mashawarta ba daga sama suka faɗo ba. Taron Ƙasa na 1991 ya buƙaci a kusantar da mulki ga jama'a, yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 ta ƙara jaddada haka. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a watan Fabrairu 1999, amma rikicin sakamako da juyin mulkin watan Afrilu na shekarar suka binne shi. Sai da dokar 2002 ta kafa kwamin 265, sannan a ranar 24 ga Yuli 2004 mutanen karkara suka zaɓi mashawartansu. An sake zaɓe a 2011 da kuma 13 ga Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, hukumomin soja sun rushe majalisun a watan Afrilu 2024, suka naɗa wakilan gwamnati su riƙe kwamin.

To, mene ne aikin majalisa a cikin shekara guda? Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta tanadi zama huɗu na ƙa'ida, ɗaya a kowane wata uku, kuma ƙofa a buɗe take ga duk wanda yake son ya saurara. Sarakunan gargajiya suna da kujera da bakin magana, amma ƙuri'a ta zaɓaɓɓu ce. Farefe kuwa aikinsa ya duba ko abin da aka yanke bai saɓa wa doka ba. Wannan shi ne abin da ke rubuce. Amma a ƙasa irin Ibohaman, yanayi ne yake tsara wa majalisa ajandarta.

Da kaka ake zaman kasafin kuɗi, domin lokacin ne talaka yake da abin hannu. Lanho, wanda aka daɗe ana karɓa sefa 700 a kan kowane baligi a karkara, wato dala 140, masu gari ne ke tattara shi gida gida. Shi da kuɗin tikitin kasuwa da na cinikin dabbobi su ne ƙashin bayan baitulmalin kwamin. A kakar nan kuma ake tsai da ranar sakin gonaki. Kuskuren mako guda a wannan rana yana iya jawo zubar da jini tsakanin manomi da makiyayi waɗanda kakanninsu suka sha ruwa a rijiya ɗaya.

Da rani samari sun tafi biɗa, wasu Najeriya, wasu Abijan, wasu Libiya, an bar mata da tsofaffi da yara. Lokacin ne famfo ke lalacewa, azuzuwan zana ke buƙatar gyara, ɗakin shan magani ke neman kayan aiki. Lokacin ne kuma masu garka ke neman hanyar fid da albasarsu zuwa kasuwa. Da bazara rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, sai maganar bankin cimaka da wanda zai riƙe makullinsa. Da damina ta sauka kuwa, ƙoramu sun yanke hanya, rigimar iyakar gona da cin burtali ta taso, a koma gaban hukumomin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada. A tsakanin waɗannan duka, kullum ana haihuwa, kuma yaron da bai samu takardar haihuwa ba zai gane asararsa ranar jarrabawa.

Akwai wani nauyi na musamman a wuyan mutanen wannan yanki. Tun shekarun farko na ƴancin kai aka gina madatsar ruwa a Ibohaman da filin noman ban ruwa a ƙarƙashinta, kuma kowa ya san cewa babban abokin gabar madatsa a Adar shi ne laka da yashin da ruwa ke kwasowa daga duwatsu. Bayan farin 1984, shirin raya karkara na Keita, da kuɗin ƙasar Italiya da hannun hukumar FAO, ya farfaɗo da fako mai yawa, aka jera duwatsu, aka tare ƙoramu, aka dasa itatuwa. Mata ne suka ɗauki mafi yawan wannan aiki a kansu, suna karɓar abinci a matsayin lada, har sunan Keita ya zagaya duniya. Amma shiri yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Baƙo ya gina ya tafi, gyara ya rage wa mai gida. Idan babu wurin da za a zauna a yanke wanda zai gyara ganuwar da ta karye da wanda zai hana saran itace, gumin iyayenmu mata zai bi ruwa.

Ba za mu ɓoye gaskiya ba: majalisun da aka zaɓa sun yi kurakurai. A sassa da dama na ƙasar nan an ga mashawartan da ba su san hanyar ofis ba sai ranar karɓar kuɗin zama. An ga ƙuri'un tsige magajin gari da ba su da dalili sai rabon muƙami tsakanin jam'iyyu. An ga kasafin da albashi da man mota suka cinye, aka bar aikin raya ƙasa ga masu ba da agaji. Ita ma gwamnati, da ta miƙa wa kwamin ilimi da kiwon lafiya da ruwa da muhalli a 2016, ta ɗora kaya ba ta ba da jaki ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: talakan da ya ƙi biyan lanho, kuma bai taɓa leƙa zaman majalisa ba, yana da nasa kason laifin.

Duk da haka, akwai abin da zaɓaɓɓe yake da shi wanda naɗaɗɗe ba ya da shi, komai gaskiyarsa da ƙwazonsa. Mashawarci ɗan gari ne, ana ganinsa a masallaci da wurin suna da jana'iza, ana iya tare shi a bakin kasuwa a tambaye shi, in ya kasa a kā da shi ranar zaɓe. Wakilin gwamnati kuwa, ko da an haɗa shi da masu ba shi shawara, idonsa yana kan wanda ya naɗa shi, domin daga can takardar sauke shi za ta fito. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba daidai ba ne a ce ya biya kuɗin jinka amma ba shi da bakin nuna inda ruwa ke zuba.

Saboda haka muna kira ga duk wanda ke riƙe da kujerar kwamin, a Ibohaman ko Buza ko Madawa, da ya yi abu uku waɗanda ba su buƙatar izinin kowa. Na farko, a liƙa kasafin shekara a ƙofar ofis, a kuma karanta shi da Hausa da Tamajak da Fulatanci ranar kasuwa. Na biyu, kowane mai gari ya san adadin lanhon da ƙauyensa ya biya da aikin da aka yi masa da shi. Na uku, a kira taron jama'a a ƙarshen shekara, mata da makiyaya a ciki, a bar kowa ya yi tambaya ba tare da tsoro ba. Ga magabatan ƙasa kuwa, kiranmu shi ne a tsai da ranar mayar wa jama'a majalisunsu. In ana son gina ƙasa sabuwa, to daga tushe ake fara gini, kuma kwamin ita ce tushen.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Talakan Ibohaman ya biya nasa, saura a ba shi lissafi. Allah ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, ya ba mu damina mai albarka.