Kullutu a wuya: abin da tsarin Ingila na bincike a zuwa ɗaya ke koya mana

Kullutun da ya fito a wuya yana iya zama kaluluwa mai wucewa, ko maƙoƙo, ko tarin fuka da ya kama kaluluwa, ko kuma sankara. Mafi yawansu ba sankara ba ne, amma taɓawa da hannu kaɗai ba ta isa a rarrabe su. Idan kuwa sankara ce, kowane makon jira riba ne gare ta.

Wannan ne ya sa tun 2004 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawarar buɗe sassa na musamman domin masu kullutu a wuya. A irin wannan sashe, majinyaci yana ganin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ke leƙa cikin maƙogwaron da siririyar kyamara. Daga nan a ɗauki hoton ekografi, a tsotso ɗan samfuri da allura, masanin ƙwayoyin jiki ya duba shi a madubin likita, duk a zuwa ɗaya. Tun watan Oktoban 2023, ma'aunin da hukumar lafiya ta NHS ta sa gaba shi ne a sanar da wanda ake zargin yana da sankara matsayinsa cikin kwana 28.

Tsarin yana da iyaka. Wani lokaci samfurin allura ba ya wadatarwa, sai an ciro tsoka, sakamako ya ɗauki kwanaki. Duk da haka, ƙarfinsa yana cikin haɗa ma'aikata uku a wuri ɗaya, a rana ɗaya, domin kayan aikin nasu ba baƙi ba ne a manyan asibitoci.

A Nijar, cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai ta samu na'urar gasa ƙwayoyin cutar a 2021, da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Sai dai na'ura ba ta ceton wanda ya iso a makare. Mutumin karkarar Damagaram ko Tawa yakan fara daga ƙaramin gidan likita, ya wuce asibitin gunduma, sannan na jiha, kowane zango da kuɗin mota da na masauki. Wasu a nan suke sarewa, su koma ga tsaga da jiƙo.

Manyan asibitocin Maraɗi da Damagaram za su iya ware rana ɗaya a mako domin wannan aiki. Babban cikas shi ne ƙarancin masu karanta samfuri, don haka horar da su, da aika hotunan samfuri zuwa Yamai ta intanet, su ya kamata ma'aikatar lafiya ta fara sa wa kuɗi.

Kafin nan, akwai abin da ke hannun iyalai. Kullutun da ya haura mako uku, mai tauri, musamman idan murya ta dushe ko haɗiya ta yi wuya, yana buƙatar gwaji ko da ba ya ciwo. Ƴan ƙasar waje masu aiko da kuɗin magani su riƙa tambaya: an yi hoto? An ɗauki samfuri? Kuɗin farko su tafi ga gano cutar, kafin a sayi ƙwaya ko ɗaya.