Ana Son Takobi, Ba a Son Share Fili

Ranar da ɗan kokawa ya yi kaye, kowa danginsa ne. Wanda bai taɓa zuba ko amalanke ɗaya na yashi a fili ba, shi ne a sahun gaba da babbar riga ana ɗaukarsa hoto. To a wane fili yaron ya koyi kokawar? Wa ya gina masa shi?

Jama'a, ku bi babbar hanya daga Gidan Rumji, ku ratsa Maraɗi, ku wuce Agye har Gazawa. Ku ce matasa su nuna muku inda suke buga ƙwallo. Sanduna biyu ne da igiya a sama. Ƙasa cike da ƙarangiya, leda da fasassun kwalabe. Babu katanga, babu famfo, babu makewayi. 'Yan kabu-kabu sun yanka hanya ta tsakiya, awaki sun kwanta a bakin raga. Damina na sauka, wurin ya koma kududdufi.

Wannan shi ake kira filin wasa, ba kunya ba tsoron Allah.

In an yi magana, amsa ɗaya ce: babu kuɗi. Mun gaji da jin ta. A 2015, da bikin 18 ga Disamba ya zo, ai an samu kuɗin Maraɗi Kwalliya. A 2019, da Nijar ta karɓi gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20, ai an buga wasanni a filin Maraɗi. Ashe kuɗi na fitowa in baƙi za su zo. In ɗan talaka ne a Gangara ko Tibiri, sai aljihu ya bushe?

Gazawa ta zama gunduma tun 2011. Shekara nawa ake bukata kafin a kewaye fili ɗaya?

Sakacin kuma bai tsaya a karkara ba. Filin Janar Seyni Kountché na Yamai, wanda aka buɗe a 1989, sai da hukumar CAF ta ƙi amincewa da shi. Mena, ƙungiyar ƙwallonmu ta ƙasa, ta koma karɓar baƙinta a Kwatano, Tunis da Marakesh. Wasan gida a gidan wasu! Wanda ya kasa kula da filin da ke ƙofar ofishinsa, yaushe zai tuna da na Agye?

Ku dubi Jamaika. Tsibiri ne da mutanensa ba su kai miliyan 3 ba, alhali jihar Maraɗi kaɗai ta haura miliyan 3 tun ƙidayar 2012. Tun 1910 suke gasar guje-guje ta makarantu. Daga can Usain Bolt, ɗan ƙauye a yankin Trelawny, ya fito har ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a 2009. Mu fa? Lambar Olamfik biyu tal: ta Issaka Daboré a 1972 da ta Abdoul Razak Alfaga a 2016.

Kada wani ya ce ba mu da gwanaye. Yakuba Ango Kantu, wanda ya ɗauki takobin kokawa na farko a Tawa a 1975, ɗan jihar nan ne. Gwanaye na nan. Masu riƙon amana ne suka yi ƙaranci.

Mutanen da suka bar filin ya mutu, su ne kuma ke hawa mumbari suna zagin matasa: zaman fada, shayi, tramol, gudu zuwa Libiya. Kun ba su wurin zuwa da la'asar? Lokacin zaɓe kawai ake ganinku da riguna da kofi mai sunanku. Wasu ma jira suke gari ya faɗaɗa su yanka filin su sayar fuloti-fuloti.

Mu ma da ke tafa musu muna da kaso. Kowace unguwa ta nemi takardar mallakar filinta, ta ajiye ta a hannun jama'a. Ku tambayi ma'aikatar magajin gari nawa aka ware wa wasanni bana, kuma ina aka kai su. Duk wanda ya zo da kofi, ku ce masa ya fara kawo bulo da siminti.